SHARHI: Abin da Kennedy ya ɓoye a rikicin Kyuba, da abin da shugabannin yau suka gada

A ranar 1 ga Agustan 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar a shafinsa na Truth Social cewa ya ba da umarnin a matsar da jiragen ƙarƙashin teku biyu na nukiliya zuwa wuraren da bai bayyana ba. Abin da ya tunzura shi shi ne kalaman da Dmitry Medvedev, tsohon shugaban Rasha kuma mataimakin shugaban majalisar tsaron ƙasar, ya riƙa wallafawa a intanet, har da yi masa tuni da tsarin ramuwar gayya ta nukiliya da Rasha ta gada daga Tarayyar Sobiyet. Ba a harba komai ba. Bayan mako biyu ma sai ga Trump da Vladimir Putin suna musabaha a Alaska. Amma duniya ta ga yadda musayar baƙaƙen maganganu tsakanin mutum biyu ta kai ga ambaton makaman da za su iya shafe birane.

Duk sanda haka ta faru, sai a waiwayi Oktoban 1962. Joe Biden ma ya yi hakan a Oktoban 2022, inda ya ce rabon duniya da ta kusanci yaƙin nukiliya irin haka tun rikicin makamai masu linzami na Kyuba. Labarin da aka saba bayarwa game da waɗannan kwanaki 13 mai daɗin ji ne: John Kennedy ya kafe, ya zare wa Nikita Khrushchev ido, shi kuwa ya tsorata ya kwashe kayansa. An yi shekaru sama da 25 ana koyar da wannan, kafin takardun sirri da faifan muryoyi da shaidar waɗanda aka yi abin da su su nuna cewa labarin gurgu ne. Mafi girman aikin da shugabannin biyu suka yi a lokacin shi ne danne mutanensu na cikin gida, da kuma biyan farashin da ɗayansu ya ƙi yarda a faɗa wa jama'a.

Kafin a yaba musu, a fara da faɗin cewa su suka haƙa ramin. A Afrilun 1961 gwamnatin Kennedy ta tura 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400, waɗanda hukumar leƙen asiri ta CIA ta horar, su kifar da Fidel Castro ta mashigin ruwan da ake kira Bay of Pigs. Cikin kwana uku aka murƙushe su. Washinton ba ta daddara ba, ta ci gaba da shirye-shiryen ɓoye na yi wa gwamnatin Castro zagon ƙasa. A gefe guda kuma Amurka ta girke makamai masu linzami samfurin Jupiter guda 15 a Turkiyya, a ƙofar gidan Sobiyet, da wasu 30 a Italiya. Khrushchev ya san cewa a yawan makaman da za su iya kaiwa ƙasar abokin gaba, Amurka ta ninka shi sau da yawa, kuma ya san Amurkawa sun gano hakan. Sai ya yanke shawarar ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya kare Castro, ya kuma cike giɓin, ta hanyar girke nasa makaman a tsibirin da nisansa da jihar Florida bai wuce kilomita 150 ba. Ya yi hakan a ɓoye, ya kuma haɗa da ƙarya. Ko a ranar 18 ga Oktoba, ministan harkokin wajensa Andrei Gromyko ya zauna a ofishin Kennedy yana ba shi tabbacin cewa taimakon da suke ba Kyuba na kariya ne kawai, alhali hotunan makaman suna hannun mai masaukinsa.

Wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ne ya ɗauko hotunan ranar 14 ga Oktoba, aka kai wa Kennedy labari da safiyar 16. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne a kai hari ta sama. Da a ranar aka tilasta masa yanke hukunci, da wataƙila tarihi ya bi wata hanya. Sai dai ya samu kwana shida yana tattaunawa da ƙaramin kwamitin mashawartansa ba tare da duniya ta sani ba, kuma yana naɗar muryoyinsu a asirce, abin da ya sa a yau muka san wa ya ce me.

Faifan ranar 19 ga Oktoba ya cancanci kowane ɗalibin siyasa ya san da shi. Manyan hafsoshin soja sun zo gaban shugaban ƙasa bakinsu ɗaya, suna neman a kai farmaki. Janar Curtis LeMay, shugaban rundunar sama, mutumin da ya jagoranci ƙona Tokiyo da bama-bamai a 1945, ya gaya wa Kennedy a fuskarsa cewa tsayawa a tare hanyar ruwa kawai kusan bai da maraba da sassaucin da aka yi wa Hitler a Munich a 1938. Maganar da gangan aka yi ta don ta yi zafi, domin mahaifin Kennedy shi ne jakadan Amurka a Ingila a wancan lokaci, kuma an san shi da goyon bayan wannan sassauci. Ga kuma zaɓen majalisa na tafe ranar 6 ga Nuwamba, 'yan adawa suna ta zargin shugaban da rauni a kan Kyuba. Duk wani lissafin siyasa yana tura shi wajen yaƙi. Ya ƙi. Ya tambayi kwamandan da zai jagoranci harin ko zai iya lamunce masa lalata dukkan makaman, aka ce masa abin da za a iya tabbatarwa bai wuce kashi 90 cikin 100 ba. Ragowar kashi 10 ɗin sun isa su hallaka birni.

Hafsoshin ba su san abin da suke neman afkawa ba. Ƙiyasin Amurka shi ne akwai sojojin Sobiyet kimanin 10,000 a Kyuba, alhali sun haura 40,000. Ba ta kuma san cewa, ban da manyan makaman da aka auna biranenta da su, akwai ƙananan makaman nukiliya na filin daga da aka tanada don tarbar duk rundunar da ta sauka a gaɓar tsibirin ba. Sai a 1992, a wani taro a Habana, Janar Anatoly Gribkov ya bayyana haka a gaban Robert McNamara, wanda shi ne sakataren tsaron Amurka a lokacin rikicin. Ma'ana, shawarar da ƙwararru suka bayar cikin cikakkiyar natsuwa an gina ta ne a kan bayanan da ba daidai ba.

A daren 22 ga Oktoba Kennedy ya yi wa duniya jawabi ta talabijin, ya sanar da matakin tare jiragen ruwan da ke kai makamai Kyuba. Ya kauce wa kalmar da ke nufin ƙawanyar soja, wadda a dokar ƙasa da ƙasa daidai take da shelar yaƙi, ya kira matakin da killacewa, irin wadda ake yi wa mai cuta. A nan ne aka haifi tatsuniyar zare ido, wai jiragen Sobiyet sun taho har bakin layi ranar 24 ga wata sannan suka juya. Binciken da ɗan jarida Michael Dobbs ya yi a bayanan zirga-zirgar jiragen ya nuna cewa tun kwana guda kafin nan Khrushchev ya umarci masu ɗauke da makamai su koma, kuma suna da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga jiragen Amurka a sa'ar da ake cewa an yi ido da ido. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in ji Bahaushe. A nan kam ba sabon karo Khrushchev yake shiryawa ba, gudun karon farko yake yi.

Akwai hannun ƙananan ƙasashe a wannan mataki, wanda galibin masu ba da labarin sukan tsallake. Ƙasashe 'yan ba-ruwanmu sama da 40 ne suka matsa wa U Thant, muƙaddashin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga tsakani, kuma Gana da Masar ne suka gabatar da daftarin ƙuduri a Kwamitin Sulhu kan haka. Roƙon da U Thant ya yi na a nisanta jirage daga layin killacewar ya ba Khrushchev hujjar cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ya saurara, ba Amurka ba. Haka kuma Sekou Toure na Gini, duk da kusancinsa da Mosko, da Leopold Senghor na Senegal sun hana jiragen saman Sobiyet sauka su sha mai a Konakiri da Dakar, abin da ya toshe hanyar kai kaya Kyuba ta sama. Afirka a lokacin ba baƙuwar batun ba ce. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a hamadar Sahara.

Sannan aka zo Asabar, 27 ga Oktoba, ranar da ta tona asirin iyakar ikon shugabanni. A daren Juma'a wata doguwar wasiƙa ta iso daga Khrushchev, mai cike da tashin hankali, yana kwatanta lamarin da igiyar da aka ƙulla wadda in kowa ya ci gaba da ja, ƙullin zai ɗaure har wanda ya ƙulla ya kasa kwancewa. Ya nuna zai janye makaman in Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba. Wasiƙar ta shafe sa'o'i da yawa a hanya tsakanin fassara da aikawa ta waya. Da safiyar Asabar kuma Rediyon Mosko ya karanta wata wasiƙar dabam, wadda ta ƙara sharaɗin a cire makaman Jupiter daga Turkiyya.

Ana cikin muhawara kan wace za a amsa, sai labari ya zo cewa an harbo jirgin U-2 a gabashin Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Janar-janar ɗin Sobiyet da ke tsibirin ne suka ba da umarnin, ba tare da izinin Mosko ba. A wannan ranar dai wani U-2 ɗin, da aka aika ɗebo samfurin iska a kusa da ƙarshen arewacin duniya, ya ɓata hanya ya kutsa sararin samaniyar Sobiyet ta yankin Chukotka. Jiragen yaƙin Sobiyet suka tashi su tare shi, na Amurka masu ɗauke da makaman nukiliya suka tashi su rako shi gida. Kennedy bai ma san jirgin yana sama ba. A can cikin teku kuma, jiragen ruwan Amurka sun yi wa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet mai lamba B-59 ƙawanya, suna jefa masa ƙananan nakiyoyin gargaɗi don ya taso, ba su san yana ɗauke da makami mai kan nukiliya ba. Mutanen cikinsa sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba, zafi da ƙarancin iska sun galabaitar da su. Riwayoyi sun saɓa kan ainihin abin da ya wakana a ciki, amma wadda ta fi shahara, wadda ta fito fili a 2002, ta ce kyaftin ɗin ya zaci an fara yaƙi ya nemi a harba, wani babban jami'i mai suna Vasily Arkhipov ya lallashe shi. Cikin waɗannan abubuwa uku babu wanda shugaban ƙasa ya yi umarni da shi.

Tun da farko kwamitin Kennedy ya amince cewa in aka harbo U-2 za a rama a kan sansanin da ya harbo shi. Da abin ya faru, shugaban ya hana. Khrushchev shi ma a nasa ɓangaren ya karɓi saƙo daga Castro, wanda ya rubuta a ofishin jakadancin Sobiyet da ke Habana, yana cewa in Amurka ta mamaye Kyuba kada Mosko ta bari a riga ta harba makamin nukiliya. Saƙon ya firgita shi. Ya fahimci cewa ya ajiye makamai a inda ba ya iya riƙe sojojinsa, kusa da abokin da ya riga ya sallama rayuwarsa.

A daren nan Kennedy ya aiki ƙanensa Robert, ministan shari'a, ya gana da jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin. Adalci ya sa a faɗa cewa akwai barazana a cikin saƙon: ana son amsa kashegari, in ba haka ba soja za su yi aikinsu. Masu riƙe da tsohon labari suna da gaskiya a nan, matsin lambar ya yi tasiri. Amma akwai tayi biyu tare da shi. Na fili, Amurka ba za ta mamaye Kyuba ba. Na ɓoye, za a kwashe makaman Turkiyya cikin wata huɗu zuwa biyar, bisa sharaɗin cewa in Mosko ta faɗa wa duniya, maganar ta warware. Dean Rusk, sakataren harkokin waje, ya bayyana a 1987 cewa Kennedy ya ma shirya wata hanyar ta bayan fage da U Thant zai gabatar da musayar a bainar jama'a in wannan ta ci tura. Ba a kai ga haka ba. Da safiyar Lahadi, 28 ga Oktoba, Khrushchev ya sa aka karanta amincewarsa a rediyo, don kada jinkirin waya ya jawo masifa.

Castro a labarai ya ji. Ba wanda ya tuntuɓe shi kan makomar ƙasarsa. Ya fusata, ya ƙi yarda masu bincike su shiga Kyuba ko da U Thant ya je Habana da kansa, har sai da Anastas Mikoyan ya shafe makonni yana rarrashinsa. Matar Mikoyan ta rasu a Mosko yana can, bai koma jana'iza ba. An ɗage killacewar ranar 20 ga Nuwamba, an kuma kwashe makaman Jupiter zuwa Afrilun 1963 ba tare da hayaniya ba.

Ɓoye yarjejeniyar yana da hujja a lokacin, domin Turkiyya mamba ce a ƙungiyar NATO, kuma babu ƙawar da za ta ji daɗin a yi ciniki da tsaronta. Sai dai gwamnatin Kennedy ba ta tsaya a yin shiru ba. Jami'anta sun musanta cinikin a gaban majalisa. A Disamban 1962 wata mujalla ta buga rahoton da ya zargi Adlai Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, da neman a miƙa wuya, saboda ya ba da shawarar irin musayar da shugaban ya yi a asirce. Mataimakin shugaban ƙasa Lyndon Johnson ba ya cikin waɗanda aka sanar. Shi ne ya gaji mulki a Nuwamban 1963, kuma masana tarihi da dama na ganin cewa imanin da aka yi da cewa matsin lamba kaɗai ya durƙusar da Mosko yana cikin abin da aka tafi da shi Biyetnam. Sai a Janairun 1989, a wani taro a Mosko, Theodore Sorensen ya amsa cewa shi ya goge bayanin yarjejeniyar daga littafin da Robert Kennedy ya bari kan rikicin.

Khrushchev ya riƙe amanar, kuma ta ci shi. Sin ta yi masa ba'a cewa ya shiga da ganganci ya fita da tsoro. A Oktoban 1964 abokan aikinsa suka tsige shi, Kyuba na cikin laifukan da aka lissafa masa, alhali yana da amsar da zai iya bayarwa a fili da an bar shi. Waɗanda suka gaje shi sun ɗauki nasu darasin, suka dukufa ƙera makamai har suka kamo Amurka a farkon shekarun 1970. Duk da haka tsoron da mutanen biyu suka sha bai tafi a banza ba. A Yunin 1963 aka sa hannu kan kafa layin gaggawa tsakanin Washinton da Mosko, wanda na'urar aika rubutaccen saƙo ce ba jan tarho na fina-finai ba, a Agusta kuma aka sa hannu kan hana gwajin nukiliya a sararin sama da cikin ruwa.

Ginin da aka ɗora a kan wannan harsashi shi ne yake rushewa a gabanmu. Amurka ta fice daga yarjejeniyar taƙaita garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami a 2002. Ta makamai masu cin matsakaicin zango, wato ajin waɗanda aka kai Kyuba da Turkiyya, ta mutu a 2019. A Fabrairun 2023 Putin ya dakatar da shigar Rasha cikin New START, wadda ta ƙayyade wa kowane ɓangare kawunan nukiliya 1,550 da ke girke, kuma wa'adinta na ƙarshe shi ne 5 ga Fabrairun 2026, ba tare da sharuɗɗanta sun ba da damar sake tsawaitawa ba. A Nuwamban 2024 Rasha ta sassauta ƙa'idojinta na amfani da makaman. Sin, wadda a 1962 ba ta da bam ko ɗaya, ta mallaki kimanin 600 zuwa 2025 bisa ƙiyasin cibiyar SIPRI ta Suwidin, kuma ba ta cikin kowace yarjejeniyar ƙayyade adadi da ƙasashen biyu.

Ba a rasa alamun hankali ba. Ranar 15 ga Nuwamban 2022 wani makami ya faɗa wani ƙauye a Polan, ƙasar NATO, ya kashe mutum biyu. Cikin sa'o'i kaɗan kafafen sada zumunta suka cika da kiran a mayar wa Rasha martani. Biden, daga taron G20 a Bali, ya fito ya ce da wuya daga Rasha aka harbo shi, daga baya kuma Polan da NATO suka ce alamu sun nuna makamin kariya ne na Yukren da ya kauce. Kwana guda kafin nan shugabannin hukumomin leƙen asirin Amurka da Rasha sun gana a Ankara. Wannan shi ne irin aikin 27 ga Oktoba, a tsaya a tambaya ko da gangan ne, a kuma bar wata ƙofa a buɗe ta bayan gida.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Makami mai ƙetare nahiyoyi yana isa cikin kimanin minti 30, kuma a tsarin Amurka shugaban ƙasa shi kaɗai yake da ikon ba da umarnin harbawa. Kennedy ya canja ra'ayi ne saboda ya samu kwana shida. Don ya same su, sai da ya yi ƙaryar mura ya katse yawon kamfen a Chicago. Da manyan jaridun New York Times da Washington Post suka shinshino labarin, sai da ya buga wa masu su waya da kansa ranar 21 ga Oktoba yana roƙon su dakata, suka kuwa dakata. A matsayina na ɗan jarida ba na jin daɗin wannan ɓangare na labarin, domin irin wannan roƙo ne gwamnatoci suke fakewa da shi su rufe ɓarna. Amma ba zan iya musanta cewa sa'o'in da aka saya da shi sun yi amfani ba. A ƙarshen 2021 da farkon 2022, kamfanonin taurarin ɗan'adam masu zaman kansu ne suka riƙa wallafa hotunan tankokin Rasha a kan iyakar Yukren, kowa yana gani a wayarsa. Da a yau aka girke makamai a San Kiristobal, da hoton ya zaga duniya kafin a tashi shugaban ƙasa daga barci, kuma Janar LeMay ba zai jira a kira shi ɗakin taro ba kafin ya faɗi ra'ayinsa.